Darasin Juma'a: Karen Gadin Garke, Hukuncinsa da Haƙƙinsa

  

A tsarinmu wannan makon ya kamata mu ci gaba da zakkar kayan kasuwanci, amma Malam Liman ya ce a jinkirta ta mako guda saboda maganar da ta taso ranar Talata bayan Isha'i. Waɗanda suke wurin sun san ta. Ga waɗanda ba sa nan, ga yadda abin yake, kuma da izinin mai abin nake rubutawa, ba tare da suna ba.

Wani ɗan uwanmu mai sayar da hatsi yana da 'yar gona ta wajen hanyar Kumo, inda yake kiwon tumaki da awaki, ya kuma turke raguna yana jiran Babbar Sallah. Cikin wata biyu an yi masa ɓarna sau uku. Sau biyu aka wayi gari an farke 'ya'yan tumaki. Yaron da ke kwana wurin ya ce dila ne, wasu suka ce karnukan gari ne da ke yawo da dare. Na ukun kuwa ba a yi gardama ba, domin dila ba ya kwance igiya: raguna huɗu aka tafi da su har da igiyoyinsu. Sai ya samo kare babba ya kai gonar. Kwana biyar karen ya biyo yaron har cikin Barunde, ya kora 'yan Islamiyya a kan layi, wata yarinya ta faɗi ta fasa gwiwa. Mahaifin yarinyar ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce masa ya sayar da ladansa saboda raguna, kuma in ya sake ganin karen zai ba shi guba. Daga ranar ba su gaisa ba, alhali tun zuwansu garin nan tare suke.

Ni ba malami ba ne, sakatare ne. Abin da ya shafi hukunci a nan daga bakin Malam Liman na ɗauko shi, ya kuma duba bayan na rubuta. Abin da ya shafi kiwo da lafiya na zauna da ɗan uwanmu likitan dabbobi da ke sallar Asuba tare da mu.

Mu fara da hadisin da mahaifin yarinyar ya kafa hujja da shi. Ingantacce ne, yana cikin Buhari da Muslim da Muwaɗɗar Imamu Malik. Abin da yake nunawa shi ne wanda ya riƙi kare ana rage masa lada kowace rana, ƙiraɗi ɗaya a wata ruwaya, ƙiraɗi biyu a wata. To amma yawancinmu a nan muke tsayawa, alhali hadisin bai tsaya nan ba. A cikinsa an togace karnuka uku: na farauta, na tsaron dabbobi, da na tsaron gona. Wato wanda ya ajiye kare don ya kare masa tumakinsa daga kura ko dila ko ɓarawo, Shari'a da kanta ta ba shi izini, ba dabara ya yi mata ba.

Akwai wani ɗan labari a nan da na ji daɗinsa. Abdullahi ɗan Umar (RA) yana ambaton karen farauta da na dabbobi, sai aka gaya masa Abu Huraira (RA) yana ƙarawa da na gona. Sai ya amsa da cewa ai Abu Huraira yana da gona. Malam ya ce kada wani ya ɗauka tuhuma ce. Nufinsa mai gona ya fi kowa riƙe abin da aka faɗa game da gona, kamar yadda ɗan kasuwa ba ya manta hukuncin da ya shafi hajarsa. Shi ya sa mu da muka taso a cikin birni, Kano ko Katsina ko Sakkwato ko Zariya, muka riƙe rabin hadisin da ke tsoratarwa, Bafulatanin da ke kwana a daji da shanunsa kuma ya riƙe ɗaya rabin.

Alƙur'ani ma ya ambaci kare ba a wurin zargi kaɗai ba. A Suratul Kahfi, wadda muke karantawa kowace Juma'a, aya ta 18, an siffanta karen samarin kogo yana kwance a bakin ƙofa ya miƙe ƙafafunsa na gaba. Ku lura da wurin da yake: bakin ƙofa, ba cikin shimfiɗarsu ba. A Suratul Ma'ida aya ta 4 kuma an halatta cin abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo.

Sai tambayar da ta fi shafarmu: to gida fa? Domin da yawanmu ba mu da gona a bayan gari, raguna biyu ko uku ne a ɗaure a bayan ɗaki. Littafin Risala na Ibnu Abi Zaidil Ƙairawani, wanda ya rasu shekara ta 386 bayan Hijira, ya tafi a kan cewa ba a ajiye kare a gidaje, sai dai na gona, ko na dabbobi wanda ke fita da su ya dawo da su, ko na farautar neman abinci ba ta wasa ba. Amma masu sharhin littafin sun kawo cewa shi kansa mai Risalar katangar gidansa ta taɓa faɗuwa a lokacin tsoro, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa Imamu Malik ya ƙi haka, sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu, zaki ma zai ajiye. Daga nan da makamancinsa malamai da yawa suka yi ƙiyasi, suka ce tsaron gida ya halatta idan buƙatar ta gaskiya ce. Malam ya jaddada kalmar nan, ta gaskiya. Wanda katangarsa doguwa ce, ƙofarsa ta ƙarfe, unguwarsu da 'yan sintiri, ya ajiye kare don a ce yana da shi, wannan ya duba lissafin ladansa.

Game da hadisin da ya nuna mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare, malamai sun yi saɓani ko ya haɗa da karen da aka yi izini da shi. Malam ya ce mafitar mai sauƙi ce, kada ma ka shiga saɓanin. Wurin karen garke shi ne garke. Ba zaure ba, ba tsakar gida inda ake shimfiɗa tabarmar sallah ba.

Batun tsarki kuma, inda mata suka fi tambaya. A mazhabarmu ta Malikiyya duk abu mai rai mai tsarki ne, har da yawunsa da guminsa, kuma wanda ya karanta Iziyya ya wuce ta kan wannan. Idan kare ya goge ka, ko ya shinshina rigarka, alwalarka tana nan, kuma ba dole ka canza riga ba sai in ka ga ƙazanta a jiki. Idan ya sa baki a ƙwaryar ruwa, a zubar a wanke ta sau bakwai, bin umarnin Annabi (SAW). Shafi'iyya da Hambaliyya suna ganin najasa ne, suna sa ƙasa a ɗaya daga cikin wankin, da hujjarsu a ruwayar Muslim. Wanda ya bi wannan bai yi laifi ba, kuma kada ya ce wanda ya bi wancan sallarsa ta ɓaci. Abin da ya fi, kare ya samu kwanonsa na abinci da na ruwa daban, a huta.

Tunda 'yan kasuwa ne mu, dole a taɓa ciniki. An yi hani ga cin kuɗin kare, kuma mashahurin zance a mazhaba shi ne ba a sayar da shi. An yi saɓani a kan wanda aka yi izinin riƙewa, har an ruwaito Sahnun, babban malamin Malikiyya na Ƙairawan, yana cewa zai sayar da irinsa ya yi aikin Hajji da kuɗin. Abu Hanifa ma ya halatta. Shawarar Malam ita ce in ka samu kyauta wurin makiyayi, ka karɓa ka yi masa alheri, in ba ka samu ba sai da kuɗi kuma buƙata ta matsa, akwai yalwa. Amma ga abin da nake so ɗan uwanmu mai maganar guba ya ji da kyau: a Risalar dai, wanda ya kashe karen da aka yi izini da shi, biyan ƙimarsa ya hau kansa. Ga kuma gubar da ka jefa a layi ba ta san kare ba, ba ta san kazar maƙwabci ko yaro mai rarrafe ba.

Wannan shi ne ɓangaren da ya ba mai gona gaskiya. Yanzu ga inda ya yi kuskure, kuma ya amsa da bakinsa.

Kuskurensa na farko, ya samo babban kare da ya riga ya saba da mutane da cikin gari, ya kai shi gona ya ce yi gadi. Karen bai san tumakin nan ba, bai ɗauke su a bakin komai ba. Yaron da ke ba shi tuwo ya sani, shi ya sa ya biyo shi gida. Likita ya ce karen garke ba a sayensa a shirye, rainonsa ake yi. Ana ɗauko ɗan kwikwiyo yana da kamar mako 8, bayan an yaye shi, a sa shi cikin shinge tare da 'ya'yan tumaki ko tumaki masu sanyin hali waɗanda ba za su tunkuye shi ba. A yi masa ɗan lungu da zai ɓuya in sun matsa masa. A nan zai ci, a nan zai sha, a nan zai kwana. Makonnin da ke tsakanin 8 zuwa 16 su ne ginin, domin a lokacin ne yake sanin su waye danginsa. In ya yi su cikin warin tumaki, tumaki ne danginsa har ya mutu. In ya yi su a hannun yara ana ɗaukarsa ana wasa da shi, to ka yi karen gida, ko ka kai shi Dukku zai nemo hanyar ƙofarka.

Ba a ce kada ya san ka ba. Dole ya san mai shi da yaron kiwo, ya yarda a kama shi a duba shi, in ba haka ba ranar allura sai an yi dambe. Amma sanin ya kasance a garke, kai ka je wurinsa.

Idan ya kai wata biyar zuwa goma sai ƙuruciya ta motsa. Zai fara bin 'ya'yan tumaki da gudu, yana jan kunnensu, shi a ganinsa wasa ne. A nan ake tsawata masa nan take, a raba shi da ƙananan a haɗa shi da manyan tumaki da za su koya masa hankali. Wanda ya yi sakaci a wannan gaɓa, wata rana wasan zai fitar da jini, kuma in ya ɗanɗana shi ke nan. Ba a sakin jiki da shi gaba ɗaya sai ya kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Kun ga ke nan wanda yake son kare ya tsare masa ragunan Sallar bana ya makara, ba a fafe gora ranar tafiya. Na baɗi zai fara yi wa shiri. Kuma kada a ɗauko jinin karnukan farauta, domin shi an gina shi a kan bin abin da ke gudu, kai kuwa mai kwanciya cikin garke kake nema.

Na tambayi likita ko wannan dabarar Turawa ce. Ya yi dariya ya ce makiyaya suka koya wa Turawan. A Turkiyya akwai wani babban kare da ake kira Kangal, ɗaruruwan shekaru yana kwana da tumaki yana korar kyarkeci. A Amurka manoma sun daɗe suna fama da wata dabba da suke kira koyot, ɗan uwan dila ne amma ya fi shi girma. Da guba suke yaƙarsa, har shekarar 1972 gwamnatinsu ta hana zuba gubar a filayen gwamnati. Sai a ƙarshen shekarun 1970 masu bincike suka koma wurin makiyayan Turkiyya da Italiya suka ɗauko karnukansu da yadda suke rainonsu. A Namibiya ma tun 1994 ake raba wa makiyaya irin karnukan Turkiyyan nan saboda wani nau'in damisa mai tsananin gudu da ke cinye musu awaki. Abin lura, yawancin aikin karen ba faɗa ba ne. Haushi ne, da tsayuwa tsakanin garke da mai ɓarna, da fitsarin da yake yi a kewayen wurin. Dila mai wayo ne, ba ya son abincin da zai jawo masa rauni, sai ya nemi inda babu mai tsaro.

Kada wannan ya sa wani ya kwashi jarinsa ya nemo kare mai gashi buzu-buzu daga waje. Zafin Gombe na watan Maris da Afrilu kaɗai ya ishe shi, ga kaska, ga cin da ya fi na rago biyu. Namu na gida, wanda uwarsa ke bin shanu a rugar Fulani, ya san rana, ya san ƙaya. Ka je ka ga uwar da idonka kafin ka karɓi ɗan.

Mu kuma faɗa wa juna gaskiya a kan abin da ke cin dabbobinmu. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 gari yake cin daji, inda dattawa ke cewa gonaki ne da yanzu layuka ne. Kura ta ja baya, da yawa cikin yaranmu ba su taɓa ganinta ba sai a hannun masu wasa da ita. Abin da ya rage mana shi ne dila a bayan gari, da karnukan da ba su da mai su waɗanda ke haɗa gungu da dare, da kuma kura mai ƙafa biyu. Na biyun nan mu muka haife su, domin kowane ɗayansu wani ne ya ɗauko shi yana ƙarami, da ya gaji da ciyarwa ya sake shi. Na ukun kuwa kare ba ya hana shi in ya zo da makami ko da nama mai guba. Abin da zai yi maka shi ne ya tashe ka. Saboda haka kare ba ya maye gurbin shinge mai kyau, da fitila, da mutum mai kwana kusa, da zaman lafiya da maƙwabtan gona waɗanda za su fito in sun ji ihu.

Kuskurensa na biyu shi ne abinci. An gaya masa wai kare mai yunwa ya fi zafin gadi, sai ya ce a riƙa ba shi sau ɗaya, kaɗan. Wannan magana wallahi ba ta da tushe. Ka bar kare da yunwa cikin 'ya'yan tumaki, ai ka ba kura ajiyar nama. In bai ci su ba zai tafi bola neman abinci, a lokacin kuma garke ba kowa. Ta fuskar addini abin ya fi haka nauyi. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Mun san na mutumin da Allah Ya gafarta masa saboda ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi. Wannan karen hanya ne ma, ina ga wanda ke kwana a waje cikin sanyin hunturu yana tsare maka dukiya? Ragowar tuwo, dusa da aka dama, ɗan nono in akwai, ruwa mai tsabta da inuwa, ba su fi ƙarfin mai raguna ba.

Abu ɗaya likita ya hana, kuma ya ce in rubuta shi da babbar murya saboda Sallah na tafe: kada a jefa wa kare ɗanyen kan tunkiya, ko huhu da hantar da aka ga ƙulli mai ruwa a jikinsu, ko mushe. Ta nan tsutsa ke shiga cikinsa, ya yi kashi a kan ciyawa, tumaki su ci. Ciwon nan da tunkiya ke ta juyawa wuri ɗaya kamar mai hajijiya har ta mutu, sau da yawa daga nan yake, kuma wani nau'in tsutsar yana kama mutum. A binne irin wannan nama da zurfi ko a ƙone, a kuma riƙa ba karen maganin tsutsar ciki a kai a kai.

Sai babbar magana, ciwon haukar kare. Da karen nan cizon yarinyar ya yi, da ba wannan darasin muke rubutawa ba, domin ko allura ɗaya ba a taɓa yi masa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kaso mai yawa yara ne, kuma kusan duka daga kare ne. In alamunta suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma ana tare ta kafin nan. Ana yi wa kare allurar rigakafi daga wata 3, a maimaita duk shekara, kuma a nan ƙasar ma ana yin allurar a cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato. Ka karɓi katin ka adana, ranar rigima shi ne shaidarka.

Iyayenmu mata, ku riƙe wannan. In kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, ko da ciwon ƙarami ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cur, a duba agogo. Daga nan a wuce asibiti a ranar, a faɗa musu cizon kare ne, a kuma cika alluran da suka rubuta har ƙarshe. Kada a tsaya shafa toka ko gashin karen, kada a ce bari a ga yadda zai kwana. Karen kuma in ana iya tsare shi ba tare da haɗari ba, a tsare a sa masa ido kwana 10, a sanar da likitan dabbobi. Ku gaya wa yara in an cije su su faɗa, ba za a doke su ba, domin da yawa tsoron duka ke sa su ɓoye.

Malam ya rufe zamanmu da batun lamuni. Izinin riƙe kare ba izinin cutar da maƙwabci ba ne. Malamanmu sun ce wanda aka gargaɗe shi cewa karensa na cutar da mutane, ya ƙyale, to abin da karen ya ɓata yana wuyansa. Mai gona ya riga ya biya kuɗin maganin gwiwar yarinyar, an mayar da karen wurin wanda ya ba shi, ya kuma yi magana da wani makiyayi a kan ɗan kwikwiyo. Malam ya nemi su biyun su tsaya bayan sallar Juma'a ta yau, a ofis, tare da dattawan kwamiti.

Likita ya ce in an samu karnuka ko da goma zai shirya rana guda ya zagaya ya yi musu allura, kowa ya biya kuɗin nasa maganin, shi ba ya son ladan aiki. Duk mai kare a gona ko a gida ya same ni in rubuta sunansa da inda karen yake kafin Juma'a mai zuwa. Wanda yake jin nauyin a san yana da shi ya zo bayan Asuba, ba kowa a ofis lokacin. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu koma kan zakka, daga inda muka tsaya a bashin da ake bin ɗan kasuwa.